Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dandalin Gwamnonin Yankin Tafkin Chadi Kan Matsayin Mata A Aikin Sulhu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Dandali, da Masu Girma Gwamnonin Borno, Yobe, Adamawa, Diffa, Lac, Hadjer-Lamis, Arewa Mai Nisa da Arewacin Kamaru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaishe ku gaisuwar girmamawa, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ranku ya daɗe, mu mata ne masu aikin sasanci da tarbar waɗanda suka fito daga daji, wato daga cikin Boko Haram ko daga hannunta. Cikinmu akwai ungozomomi, malaman Islamiyya, shugabannin zumuntar mata ta coci, ma'aikatan jinya, lauyoyi, da matan kato-da-gora masu tsayuwa a shingen bincike. Muna magana da yawun mata iri biyu, waɗanda sau tari zana ɗaya ce ta raba gidajensu: wadda aka sace ko ta bi miji daji ta dawo, da wadda aka kashe wa miji ko ɗa, yau kuma ake ce mata ta zauna lafiya da wanda ya dawo.

Alƙawari dai an yi shi, kuma a rubuce yake. Ranar 31 ga Oktoban 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 kan mata da zaman lafiya da tsaro. Najeriya ta fitar da tsarin aiwatar da shi a 2013, ta sabunta a 2017. Nijar da Kamaru sun fitar da nasu, Chadi ta bi sahu a 2023. A Maris ɗin 2017, bayan wakilan Kwamitin sun zo sun gane wa idonsu, suka zartar da ƙuduri mai lamba 2349 kan yankinmu kaɗai, shi ma ya nemi a dama da mata. Tsarin farfaɗo da yanki da Hukumar Tafkin Chadi ta amince da shi a Agustan 2018 yana da ginshiƙai tara: na uku kan kwance ɗamara da mayar da mutane cikin al'umma, na tara kan mata da matasa. Kun zauna a Maiduguri a 2018, Yamai a 2019, Yawunde a 2021, Njamena a 2023, kuka sake dawowa Maiduguri a Janairun 2025. Kokenmu shi ne, ginshiƙi na tara yana zaman kansa, ana yi masa taro da jawabi, alhali hukuncin da ke juya rayuwar mace a ginshiƙi na uku da wajen masu tsaro ake yanke shi, inda ba kasafai ake jin muryarta ba. Ana ci gaba da rufe sansanoni da mayar da jama'a garuruwansu, shi ya sa maganar ba ta jira.

Mu fara daga ƙofar shiga, wato tantancewa. Tun mutuwar Abubakar Shekau a Mayun 2021 dubun-dubatar mutane suka fito suka miƙa wuya, mafi yawansu mata da yara. Amma tambayoyin tantancewa galibi na namiji ne: wane muƙami ka riƙe, wace bindiga, wane ne amir ɗinka, a wane hari ka fita. Mace kuwa sai a rubuta ta a ƙarƙashin sunansa, matar wane, 'ya'ya uku. Daga wannan layi guda ɓarna biyu ke fitowa. Yarinyar da aka ɗauke daga ƙauyensu tana 'yar shekara 13, aka ɗaura mata aure da bakin bindiga, sai ta tsinci kanta a tanti ɗaya da wanda ya sace ta, katin abinci a aljihunsa, a idon hukuma kuma ita iyalinsa ce. Ita kuwa wadda ta yi shekaru tana cusa wa 'yan mata aƙidar, ko tana gadin waɗanda aka kamo, sai ta wuce ba wanda ya zauna da ita, domin an ɗauka mace ba ta da ra'ayi sai na mijinta. Ta farko an zalunce ta sau biyu. Ta biyu an kai ta cikin unguwa da abin da ke zuciyarta. Harin Gwoza na 29 ga Yunin 2024, wanda mata suka kai wurin biki da asibiti da jana'iza, ya isa ya nuna cewa rashin sauraron mata lamari ne na tsaro.

Saliyo ta faɗa wannan rami kafin mu. A farkon kwance ɗamara a can, sai mutum ya kawo bindiga, ya kwance ta ya mayar a gaban jami'i, kafin a karɓe shi. Kwamandoji suka karɓe bindigogin mata suka ba maza. Cikin mutum kusan 72,500 da suka shiga shirin, mata 4,751 ne kacal, sauran suka watse ba magani ba sana'a. Laberiya a 2004 ta faɗaɗa sharaɗin, ta karɓi masu girki da masu dako da waɗanda aka tilasta wa aure, sai mata sama da 20,000 suka shiga. Abin da sakin layi na 13 na ƙuduri 1325 yake nema ke nan. A wajenmu, sansanin gyaran tubabbu na shirin Operation Safe Corridor da ke Malam Sidi a Gombe na maza ne, da watanni na karatu da koyon sana'a. Mata da yara sukan bi ta cibiyar Bulumkutu a Maiduguri, zama gajere, sai gida ko sansani. Binciken ƙungiyar nazarin rikice-rikice ta International Crisis Group na 2019 ya nuna akwai matan da yunwa da tsangwama suka sa suka koma daji da ƙafarsu. Akwai kuma yarjejeniyar da Najeriya ta sa wa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2022, cewa duk yaron da sojoji suka samu a fagen daga a miƙa shi ga hukumar farar hula cikin kwana bakwai. 'Yar shekara 16 yarinya ce a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, amma goyon da ke bayanta kan sa a lissafa ta cikin manya.

Koke na biyu shi ne wanda ba a son faɗa a babban taro, alhali shi ke hana gidaje barci: matsayin aure. Mace ta dawo. Mijinta na fari yana raye, bai taɓa sakinta ba, a daji kuma an aurar da ita sau biyu, ta zo da ɗa. Matar wa ce? Wace idda za ta yi, ko istibra'i, wato jiran tabbatar da ba ta da ciki? Ɗan wa za a rubuta? Wata kuma mijinta ne ya ɓace, ba ta san ko yana daji, ko yana tsare, ko ya rasu ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana riƙe da sunayen mutum sama da 20,000 da iyalansu ke nema a Najeriya kaɗai. Shari'a ba ta bar wannan mata a rataye ba. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Idan kuma bai bar abin ciyar da ita ba, alƙali na iya raba auren tun kafin nan. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba daga ranar da ya ɓace ake fara ƙirga ba, sai an je gaban alƙali. Macen da ta shekara tara tana jira a sansani, ba ta taɓa taka kotu ba domin kotun ƙaramar hukumarta ta tashi tun lokacin gudu, ko kwana ɗaya ba a ƙirga mata ba. Ba ta da aure, ba ta da gado, ba ta da ikon sayar da gonar da sunansa ke kai.

Takardun yara ma haka. Ɗan da aka haifa a Sambisa ko a tsibiri ba shi da takardar haihuwa. A Kamaru da Nijar da Chadi, idan wa'adin rajista ya wuce sai da hukuncin kotu, ga kuɗi ga tafiya. A Kamaru yaro marar takarda kan maƙale a jarrabawar kammala firamare. Idan ma'aikaci ya dage sai an kawo uba, uwar kan juya ta tafi, domin faɗin sunan uban a gaban layi tonon asiri ne. Shekara goma masu zuwa waɗannan yara samari ne marasa shaida da makaranta, kuma masu ɗaukar mayaƙa sun fi kowa sanin inda irinsu suke.

Na uku, yadda ake shirya gari kafin a kawo tubabbu. Abin da aka saba, a taru a ƙofar fada: lawani, bulamomi, liman, shugaban 'yan gora, jami'in gwamnati. Tubabben ya dafa Alƙur'ani, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a watse. Mata in sun zo suna can baya. Amma washegari ba lawani ne zai tsaya layin famfo da matar tubabben ba, ba liman ne zai haɗu da ita wurin injin niƙa ba. Wadda aka yanka mijinta a gabanta ita za ta ajiye jarkarta bayan tata. A nan ake gane ko sulhu ya kama. In ba a zauna da matan unguwa tun farko ba, abin da ke biyowa sananne ne: a kira ta annoba, a hana yara wasa da 'ya'yanta, a ƙi sayen awararta. Keken ɗinkin da aka ba ta ya zauna ba mai kawo ɗinki, bayan wata biyu ta sayar da shi rabin kuɗi ta ci abinci. Ita kuma gwauruwar da ta ga an sauke wa maƙwabciya keke da buhu, ita ko mudu ba ta samu ba, ta koya wa 'ya'yanta cewa wanda ya ɗauki makami shi gwamnati ke kulawa. Wannan darasi ya fi kowane wa'azin 'yan ta'adda haɗari.

Kuma yafiya ba ta gari ba ce a yi ta a madadin wadda aka yi wa laifi. Sakin layi na 11 na ƙuduri 1325 ya nemi a cire laifukan fyaɗe daga afuwa. A shari'o'in waɗanda ake zargi da zama 'yan Boko Haram da ake yi a Kainji tun 2017, yawancin tuhuma kan zama ɗan ƙungiya ne, ko kai mata kaya, ko ɓoye bayani. Fyaɗe da auren dole da ƙyar suke fitowa, domin ba a ɗauki bayanin matan tun ranar tantancewa ba.

Na huɗu, itace. Garuruwa da yawa da aka mayar da jama'a an kewaye su da ramin tsaro, ƙofa ɗaya ko biyu. Abincin agaji ɗanye ne, sai an dafa. Itatuwan kusa da rami sun ƙare tun shekarar farko, kowane wata tafiyar na ƙara nisa. Gidaje na tura mata domin namiji in an kama shi kashe shi ake yi, mace kuwa ana sa ran za ta dawo. A farkon Maris ɗin 2024 duniya ta ji labarin Gamboru Ngala, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an sace mutum sama da 200, akasarinsu mata da yara, sun fita neman itace. Matan garin sun san wace hanya ce ta lalace, wace rana aka ga sawun babura, amma lokacin buɗe ƙofa da rakiyar sojoji ba da su ake tsarawa ba. Wadda aka yi wa fyaɗe a hanya kuma tana da awa 72 ta sha maganin kariya daga cutar HIV, da awa 120 na maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. In asibitin garin ba shi da maganin, ko ba mace a ɗakin, ko ƙofa ta rufe da la'asar, wa'adin ya wuce.

Haka labaran gargaɗi. Mai tuwo-tuwo ce ke fara lura baƙo ya sayi abincin mutum ashirin. Ungozoma ce ke shiga ɗakin da namiji ba ya shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma macen da ta je shinge da rana tsaka ta gaya wa soja abin da ta gani, kafin magariba unguwa ta san sunanta, kuma waɗanda ta tona suna da kunnuwa a cikin gari. Sau ɗaya aka yi wa mace ɗaya ramuwa, bakin sauran ya rufe.

Na biyar, teburin kansa. Ƙididdigar manyan tattaunawar sulhu a duniya daga 1992 zuwa 2019 ta nuna mata kashi 13 ne cikin ɗari na masu tattaunawa, kashi 6 na masu shiga tsakani. A tattaunawar sulhun Laberiya a Akara a 2003 sai da matan ƙasar, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee suka zauna a bakin ƙofar zauren suka hana wakilai fita kafin maganar ta motsa. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Wajir, a arewa maso gabashin Kenya. A 1993 faɗan dangi ya kai mata sun daina ciniki da juna a kasuwa. Dekha Ibrahim Abdi da 'yan'uwanta suka fara da kasuwar, suka sa masu lura don kowace mace ta saya ta sayar lafiya, sannan suka jawo dattawa, sannan matasa da 'yan kasuwa. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne a 1995 an mayar da shi kwamiti na dindindin a cikin mulkin gunduma, jami'an tsaro da mata a zama ɗaya, da tawagar da ke tashi nan take in an ji ƙishin-ƙishin. Mu kuwa mun fi sanin taron gefe: a gayyato mata otal, a yi magana da Turanci ko Faransanci, a rubuta shawarwari, a rufe babban zama ba a karanta su ba. Mun san lardin Hadjer-Lamis ya yi gwamna mace, Adamawa kuma ta sami mataimakiyar gwamna a 2023, muna alfahari da hakan. Amma kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, inda ake yanke maganar ƙofa da gona da tubabbu, can ne kujerar ta fi rashi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kowace mace da ta fito a yi mata rajista da sunanta, mace ta tantance ta, a ɗaki dabam, da harshenta, Kanuri ne ko Hausa, Larabcin Shuwa, Fulatanci, Buduma, Margi ko Mafa, kafin a haɗa ta da kowane namiji. A tambaye ta yadda ta shiga, ko tana son zama da wannan mutum, da inda take son komawa. A sake tambaya bayan mako biyu, domin amsar ranar farko ta tsoro ce. In ta yarda a rubuta laifin da aka yi mata, a adana shi yadda mai gabatar da ƙara zai iya amfani da shi. Katin abinci da tallafi ya bi tukunya: a gidan mata uku, kati uku. Wannan ƙa'ida ta zama ɗaya a duk cibiyoyin tarba, daga Maiduguri zuwa Gudumariya a Nijar, Meri a Kamaru da Baga Sola a Chadi.

Ku sa Alƙalan Alƙalai da majalisun malamai, tare da malamai mata da shugabannin coci, su fitar da matsaya guda a rubuce kan auren daji, idda, nasaba da matan waɗanda suka ɓace. A biyo da kotun tafi-da-gidanka, duk wata uku a kowane garin da aka mayar da jama'a, kyauta, tare da mai rajistar haihuwa a rana ɗaya, a karɓi shaidar uwa da ungozoma ko mai unguwa ba tare da an nemi uba ba. Ku kuma matsa wa gwamnatocin ƙasashenku su ba iyalai sunayen waɗanda ke tsare da waɗanda suka rasu a tsare.

Kada a kai tubabbe ko ɗaya gari sai matan garin sun yi zamansu na kansu, aƙalla sau biyu, da hantsi bayan an gama ɗiban ruwa, a karanta matsayarsu a babban taro, a rubuta amsar da aka ba su. Wadda ta ce ba za ta iya maƙwabtaka da wane ba, a sauya masa wuri. Duk abin da aka ba tubabbe, a ba gwauruwa ko marainiya ta garin kwatankwacinsa a rana ɗaya, a fili ɗaya.

A kafa kwamitin itace da gona na mata a kowane gari mai rami, su zauna da kwamandan wurin duk mako a tsara rana da hanya da rakiya. A raba murhu mai tsimin itace tare da abinci. Kowane asibiti ya kasance da maganin awa 72 da ma'aikaciya da za a samu dare da rana. Labarin gargaɗi ya bi ta hannun mace ɗaya amintacciya a unguwa, da lamba a maimakon suna, a kuma dawo mata da amsa cikin kwana biyu. Matan da ke caje mata a shinge a sa su cikin jerin masu alawus, a ba su rumfa mai labule.

A kujeru, ba sabon abu muke nema ba. Manufar Najeriya ta ce a ba mata kashi 35 na muƙamai, kuma Babbar Kotun Tarayya ta tabbatar da haka a Afrilun 2022. Dokar Nijar ta 2019 ta ce kashi 30 a naɗe-naɗe, Chadi ma kashi 30 tun 2018. Ku aiwatar da wannan a kwamitocin tsaro da sulhu na jiha da ƙaramar hukuma, matan gari su zaɓi wakilansu da kansu, kuma zama ba ya halatta in ba su. A biya kuɗin mota kafin tafiya, da na mai rakiya ko mai reno, a tanadi tafinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa kanta ware aƙalla kashi 15 na kuɗin gina zaman lafiya ga buƙatun mata. Ku sa irin wannan layi a kasafin tsarin kowace jiha, da lambarsa, wani kaso ya tafi kai tsaye ga ƙungiyoyin mata na cikin gari, a wallafa abin da aka saki duk shekara.

Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi a Maris ɗin 2025, amma matan Bosso da na Malam Fatori, na Banki da na Amchide, kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi. Ku ba masu sasanci mata takardar ƙetare iyaka da hukumomin ɓangarorin biyu za su girmama, don neman 'ya'yan da suka ɓace da shirya dawowar 'yan gudun hijira daga sansanonin Minawao a Kamaru da Sayam Forage a Nijar.

A zamanku na gaba muna roƙon a ba wakilanmu lokaci a cikin babban zaure, kowane gwamna kuma ya zo da alƙaluma uku na jiharsa: mata nawa aka yi wa rajista da sunansu, shari'o'in aure da takardun haihuwa nawa aka kammala, da kujeru nawa mata ke riƙe da su a kwamitocin tsaro.

Allah ya ja zamaninku, ya zaunar da yankinmu lafiya. Wassalam.

Daga mata masu aikin sasanci da tarbar waɗanda suka dawo, a jihohi takwas na yankin Tafkin Chadi.